Za a iya kulle mai shan tramol da roci a ɗaki ya daina lokaci guda?

Yayan Gida ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da masana magunguna da ke wannan zaure. Matashi ne ɗan shekara 24, ya kai shekara uku yana shan tramol kullum, irin mai lamba 225 a jikin kati, da dare kuma ya ɗora roci (Rohypnol) ko D5 (diazepam mai miligiram 5) don ya samu barci. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi yana jijjiga, alhali babu mai farfaɗiya a danginsu. Yanzu shi da bakinsa ya ce ya gaji, yana so ya bari. Dattawan gida sun kasu biyu. Wasu sun ce a kulle shi a ɗaki sati biyu ana miƙa masa abinci har ƙwayar ta fita daga jininsa, wasu kuma sun ce gidan mari ne kawai maganinsa.

Shin yanke ƙwaya rana ɗaya yana da haɗari ga rai, ko wahala ce kawai zai sha ta wuce? Kwana nawa wahalar take ɗauka? Me za a iya yi masa a gida, me kuma sai asibiti? Don Allah a yi bayani dalla-dalla yadda za a iya karanta wa iyaye su gane.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada a kulle shi. Ba maganar tausayi nake yi ba, maganar rai ce, kuma roci da D5 ɗin da ka ambata a gefe kamar ba su ne matsalar ba, su ne abin tsoron.

Tramol a gefe guda, roci da D5 a ɗaya gefen, ba gida ɗaya suka fito ba, don haka barinsu ma ba iri ɗaya ba ne. Tramol da kodin da allurar penta dangin mofin ne, wato magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi. Wanda jikinsa ya saba da su, in ya yanke, cikin awa 8 zuwa 24 zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina su riƙa zuba, tsigar jiki ta tashi, gumi ya karyo. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi da na baya, murɗawar ciki, amai da gudawa, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Abin yakan kai maƙura a kwana na 2 zuwa na 3, ya lafa tsakanin kwana 5 zuwa 10. Azaba ce ta gaske, amma ga matashi mai lafiya ba kasafai take kisa ba, sai dai in amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jikinsa babu mai kula. Tramol yana da wani ƙari da kodin ba shi da shi: bayan aikin mofin, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan ciwon damuwa suke taɓawa. Shi ya sa wasu in sun yanke shi sukan shiga firgici mai tsanani, su ji kamar lantarki na jan su a kai, wasu har gane-gane da jiye-jiye. Iyaye su ce aljanu ne, nan kuwa ciwon yaye ne, wato ciwon rabuwa da ƙwaya.

Roci da D5 kuwa aikinsu taka wa ƙwaƙwalwa birki. Suna ƙara ƙarfin wani sinadari da ake kira GABA, wanda shi ne ke kwantar da jijiyoyi. In aka shekara ana taka birkin daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta sassauta nata na halitta. Ranar da aka zare ƙwayar gaba ɗaya, babu na waje babu na ciki. Sakamakon shi ne karkarwa, bugun zuciya da sauri, hawan jini, ruɗewa har mutum ya kasa gane mahaifiyarsa, da farfaɗiya wadda kan zo a jere, wata na bin wata ba tare da ya farfaɗo a tsakani ba. Wannan tana kisa. Haka abin yake ga wanda ya daɗe yana shan giya kullum: tasa farfaɗiyar takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewar kuma a kwana na 2 zuwa na 3.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne D5 yana daɗewa a jiki, kwanaki yake yi kafin ya fita. Sai a kulle yaro, kwana biyu ko uku a ga yana ta fama da ciwon tramol ɗin, ya fara lafawa, a ce alhamdulillahi an ci ƙarfin abin. Alamun rashin D5 ɗin kuwa sukan jinkirta kwana 2 zuwa 7 kafin su bayyana. Wato daidai lokacin da aka saki jiki aka daina leƙa shi da dare, a lokacin ne zai faɗi a bayan ƙofa mai kwaɗo. Ƙara da cewa shi tramol da kansa yana jawo farfaɗiya, kuma wannan yaron ya riga ya faɗi sau biyu. Mafi munin abin da za a yi masa shi ne a hana shi roci alhali yana ci gaba da samun tramol ta bayan fage, abin da kuwa yakan faru ke nan, domin abokai ba sa rasa hanyar taga.

Yadda ake yi a asibiti, yaye ne, kamar yadda uwa ba ta cire yaro daga nono rana ɗaya ba shiri. Da farko a tantance ainihin abin da yake sha da adadinsa a rana. A auna hawan jini, a duba hanta da ƙoda, a yi gwajin ciwon hanta da na HIV in ya taɓa allura. Roci ana mayar da shi zuwa D5 na gaskiya, domin shi yana sauka a jini sannu a hankali. Miligiram 1 na roci yana daidai da kimanin miligiram 10 na D5. Sai a riƙa rage kusan kashi ɗaya cikin goma duk mako ɗaya zuwa biyu, kuma in an zo ƙasa-ƙasa a ƙara sassautawa, domin ragowar ƙarshen ta fi wuyar saki. Wanda yake shan miligiram 40 a rana, wato ƙwaya takwas ta D5, zai iya ɗaukar wata uku zuwa shida, wani ma fiye. Ba a sauke ƙwayoyin biyu tare. A tsayar da ɗaya a wuri guda, a gama da ɗaya, sannan a juyo. Wanda za a fara da shi likita ne zai yanke bayan ya ga yaron. Kuma mai tarihin faɗuwa irin wannan, kwanakin farko a gadon asibiti ya kamata ya yi su.

Wanda tramol ko kodin kaɗai yake sha, adadin ba mai yawa ba, bai taɓa faɗuwa ba, ba shi da ciwon zuciya ko sikila, shi ne za a iya yi wa a gida bayan likita ya gan shi. Ko shi ma ƙofa a buɗe, mutum a kusa dare da rana.

Mai Haɗa Magunguna ya rubuta:

Allah ya ƙara basira, Likita. Ina so in tsaya a kan lambar nan 225, domin ita kaɗai ta isa ta canza lissafi.

Tramol ɗin da NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, kuma iyakar abin da aka yarda babba ya sha a yini guda, ko da likita ne ya rubuta, miligiram 400 ne. Duk katin da aka ga 120 ko 200 ko 225 ko 250 a jikinsa, ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun haura iyakar. Masu shan kati guda mai ƙwaya goma a yini sun ninka iyakar fiye da sau biyar, don haka faɗuwa ba abin mamaki ba ce. Takan zo galibi cikin yinin da aka sha, musamman in an yi rashin barci, ko an sha da yunwa, ko an haɗa da magungunan ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine. Wannan haɗin na ƙarshe yana da nasa haɗarin daban: zazzaɓi mai zafi, gumi, tsokoki na zillo, ruɗewa. Shi ya sa ba a ɓoye wa likita komai, kada ya rubuta maganin da zai yi karo da abin da ke jinin.

Sai dai ba kowane 225 ne tramol ba a yanzu. Tun da Indiya ta tsaurara dokar tramol a 2018, masu safara suka koma turo wasu ƙwayoyi masu kama da shi a kati da launi, amma abin da ke ciki haɗin tapentadol ne da carisoprodol. Na farkon ɗan gidan mofin ne kuma ya fi tramol ƙarfi. Na biyun maganin saki tsoka ne, wanda hanta ke juya shi zuwa wani sinadari mai aiki irin na roci, kuma yanke shi lokaci guda yana kawo farfaɗiya kamar yadda Likita ya bayyana. Indiya ta haramta haɗa su da fitar da su a watan Fabrairun 2025, amma abin da ya riga ya shiga kasuwannin Najeriya da Gana da maƙwabtansu bai ɓace rana ɗaya ba. Ma'ana, ko wanda ya rantse cewa tramol kaɗai yake sha, ta yiwu jikinsa ya saba da abu biyu bai sani ba. Saboda haka a nemi katin, ko da fanko ne, a karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, a tafi da shi asibiti. Sunan kasuwa ba ya gaya wa likita komai.

A nan zan ɗan ja da maganar Likita ta mayar da shi kan D5 na gaskiya. Daidai ne, amma a kula da inda ake saye da wanda ke riƙewa. A saya da takardar likita a kantin magani mai rajista, na sati ɗaya kacal a lokaci guda, ya kasance a hannun babba ɗaya a gidan, a cikin akwati mai makulli, a ba shi na yini ya haɗiye a gaban mai ba shi. In aka danƙa masa na wata guda, cikin kwana huɗu zai gama da shi, a dawo ƙasa da inda aka fara.

Na gida, ga wanda likita ya yarda: ruwan gishiri da sukari shi ne kan gaba. Ƙulli ɗaya na ORS a ruwa lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Farasitamol ƙwaya biyu duk awa shida, kada a wuce takwas a yini, domin wuce hakan hanta yake ci ba tare da an ji ba sai bayan kwana biyu ko uku. Ibuprofen bayan an ci abinci, ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Ruwan ɗumi ga gaɓoɓi, kunu da fate da abin da ciki zai riƙe. Kada a je wurin mai kemis a ce ya ba da abin barci. Abin da zai miƙo ko dai D5 ne ko Exol (benzhexol, wata ƙwayar da ita ma ake sha don maye), an gudu ba a tsira ba ke nan. Exol ɗin nan da ake raina wa, dangin zaƙami ne a aiki: bushewar baki, fitsari ya ƙi fita, jiki ya yi zafi ba gumi, mutum ya riƙa kama abin da babu. A zafin Afrilu yana iya kaiwa ga mutuwa.

Wani abu kuma game da gwajin fitsari, tun da iyaye sun fara sayen tsinken gwaji da kansu. Layin da aka rubuta OPI yana kama kodin da mofin, amma ba ya kama tramol. Shi sai tsinke mai layin TRA ko TML. Tramol da kodin kwana biyu zuwa huɗu suke bayyana a fitsari, D5 yakan wuce sati, wiwi kuwa ga mai sha kullum har wata guda. Don haka tsinke ya nuna babu komai ba shaidar dainawa ba ce, ya nuna D5 bayan kwana bakwai kuma ba shaidar komawa ba ce. An doki yara da yawa a banza saboda rashin sanin wannan.

Yayan Gida ya rubuta:

Na gode, Allah ya saka da alheri. An fasa kullewa. To kafin a kai ga asibiti, in ya sake faɗuwa ko aka same shi a sheme ba ya motsi, me ake yi a minti biyar ɗin farko? Sannan har yanzu akwai masu cewa gidan mari, hujjarsu ita ce wane da wane sun je sun dawo sun yi ƙiba.

Sista ta Sashen Gaggawa ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari, Malam. Abu biyu ne daban, kuma a bambance su.

In jijjiga ce: a kawar da wuta da ƙarfe da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa tsumma ko matashi a ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga, wani ya duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokalin ne ke karya haƙori ya faɗa maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko nono, kada a yi masa hayaƙi a hanci. Yawun bakinsa ba ya sa wa kowa farfaɗiya, a daina gudu ana barin sa shi kaɗai. Yawanci cikin minti ɗaya zuwa uku take tsayawa. Da ta tsaya a juya shi ya kwanta a gefensa, a lanƙwasa gwiwar ƙafar sama ta tokare ƙasa, a ɗan ɗaga haɓa, baki na kallon ƙasa don yawu da amai su zubo waje. In ta kai minti biyar, ko ta tsaya ta dawo bai farfaɗo ba, a ɗauke shi nan take. Ko ta tsaya da kanta ma, mai shan tramol a kai shi a ranar.

In kuwa shiru ne, kwance kamar mai barci mai nauyi, wannan ya fi ban tsoro domin ba ya jawo hankalin kowa. Dangin mofin suna kashewa ne ta hanyar rage numfashi har ya tsaya, roci kuma yana taya su. A kira sunansa da ƙarfi, a murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. In bai motsa ba a buɗe ido: baƙin tsakiya yakan tsuke ya koma kamar kan allura, ko da yake ga mai tramol ko wanda ya haɗa da Exol ba lallai a ga haka ba. A kalli ƙirji a ƙirga numfashi minti ɗaya cur. Lafiyayye yana yin 12 zuwa 20. Ƙasa da 10 haɗari ne. Munshari mai gurnani kamar ana shaƙe shi ba barci ba ne, hanyar iska ce ke toshewa, kuma mutane da dama sun mutu ana jin munsharinsu daga tsakar gida ana cewa a bar shi ya huce. A fatarmu ba a ganin shuɗin da littattafai ke faɗa, sai dai a duba cikin leɓe da dasashi da ƙarƙashin farce, za a ga sun yi toka-toka. A kula: roci yana da rini da ke mayar da harshe shuɗi, don haka harshe kaɗai ba ma'auni ba ne, farce da numfashi za a duba.

In yana numfashi, a kwantar da shi a gefe kamar yadda na faɗa, a haka kuma za a riƙe shi a mota ko a daidaita-sahu, ba a zaune kai na lilo ba. In numfashin ya yi ƙasa sosai ko ya tsaya amma zuciya na bugawa, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura masa iska baki da baki sau ɗaya duk daƙiƙa biyar zuwa shida, ana ganin ƙirji na tashi, har a isa. Manja da madara da ruwan gishiri da tura yatsa don ya yi amai, duk huhu suke tafiya ga wanda ba ya cikin hayyacinsa. Sheƙa masa ruwan sanyi ɓata lokaci ne.

A asibiti a faɗi gaskiya tun daga ƙofa, a nuna katin. Akwai allurar naloxone mai karya aikin dangin mofin, ana yin miligiram 0.4 a maimaita duk minti biyu zuwa uku in bai amsa ba. Amma aikinta minti 30 zuwa 90 ne kawai, tramol kuwa ya fi haka daɗewa a jini. Sai yaro ya farka garau, ya ce a tafi gida, dangi su biye masa, ya sake suma a hanya. A bari a riƙe shi ko da kwana ɗaya ne. Allurar ba ta taɓa roci, ba ta hana farfaɗiyar tramol.

Tun da zaure ne na kowa, bari in ƙara na masu sholisho. In an tarar da yaro yana shaƙa, kada a daka masa tsawa ko a bi shi da gudu. Tururin yana sa zuciya ta kasa jure firgici, bugunta ya rikice ta tsaya nan take, ko da ranar ya fara. A yi masa magana a hankali, a karɓe tsumman, a fito da shi iska.

Jami'in Kula da Masu Farfaɗowa ya rubuta:

Malam Yayan Gida, a kan hujjar dattawa. Gaskiya ne ana dawowa da ƙiba, domin duk wanda aka raba da tramol wata uku cin abincinsa zai dawo. Tambayar da za a yi musu cikin ladabi ita ce, wane da wane ɗin ina suke bayan wata shida da dawowa?

Abin da mari yake yi shi ne raba jiki da ƙwaya. Ba ya taɓa ƙawar da ke cikin kai, ba ya taɓa dalilin da ya sa aka fara. Wani don ya jure ƙwadago ko achaba daga asuba zuwa dare ya fara, wani don a ce masa namiji a shimfiɗa, wata don baƙin cikin gidan miji, wani kuma ciwon damuwa ne da ba a gano ba yake yi wa magani da kansa. Ya dawo ya tarar da majalisarsa da dilansa da matsalarsa suna nan inda ya bar su. Ga kuma abin da kusan babu mai gaya wa iyaye: sabon da jiki ya yi da ƙwaya yana zubewa cikin 'yan makonni. Wanda da yake shan ƙwaya shida ya tashi ya yi aiki, bayan wata biyu a tsare ukun ma za su iya tsayar masa da numfashi. Shi kuwa in zai koma, da tsohon adadinsa yake komawa. Shi ya sa makonni biyun farko bayan fitowa daga kurkuku ko mari ko ma asibiti su ne lokacin da aka fi mutuwa. Wannan magana a faɗa wa yaron kansa ƙarara, ko da ana ganin kamar ana ba shi ƙofa ne. Gara ya san ta.

Ban da haka, kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, mutum fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan aka sake ganin irinsa a Daura a watan da ya biyo. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanya wa hannu ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana ɗaure mara lafiya da sarƙa. Addu'a da nasihar malamai suna da muhimmanci ƙwarai, kuma babu likitan da zai hana. A haɗa su da asibiti, malam ya zo har bakin gado.

Wuraren zuwa: asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Ofisoshin NDLEA na jihohi ma suna da sashen ba da shawara, daban da na kame. Zuwa can ba ya nufin an haukace, kuma ba ku kaɗai ba ne: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki dangin tramol da kodin ne, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

A sa a rai cewa wanke jiki daga tramol kwana goma ne, jinya kuwa ba ta yin ƙasa da wata uku in ana so ta kama. Bayan ciwon jiki ya wuce akwai makonni na rashin barci da kasala da saurin fushi da jin duniya ba daɗi. A nan yawanci ake komawa ruwa. A gida: a canza masa layin waya, kada kuɗi mai yawa ya zauna a hannunsa, a cika masa yini da aiki ko koyon sana'a, musamman daga la'asar zuwa isha'i lokacin da majalisa ke cika. A daina kiransa ɗan ƙwaya ko da wasa. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinya sukan zame aƙalla sau ɗaya, kusan daidai da yadda masu hawan jini ke sakin maganinsu. In ya zame a mayar da shi wurin likitansa a cikin satin, ba sai an jira ya koma kati guda a yini ba. In kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauke ta da gaske, a kwashe magunguna da fiya-fiya da igiya daga inda zai kai hannu, a kai shi a ranar.

Likitan Ƙwaƙwalwa ya rubuta:

Na yarda da gyaran Malam Mai Haɗa Magunguna, na sati-sati ya fi. Ƙari biyu don masu karatu da matsalarsu ta mace ce ko ta mai sikila.

Mai juna biyu da ta saba da kodin ko tramol kada ta yanke da kanta, ko da ta ji kunya ko tsoro. Ciwon yayen yana iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Ta faɗa wa ma'aikatan awo, a tsara mata, a kuma shirya wa jaririn, domin yakan zo da nasa ciwon yayen cikin kwanakin farko: kuka mai ƙara, karkarwa, ƙin kama nono, gudawa. Mai shayarwa kuma ta sani duka biyun suna bi ta nono; jaririn da ya cika barci, ya yi laƙwas, ya kasa tsotso, a garzaya da shi.

Mai sikila da ya saba da allurar penta ba a ce masa ya bari kawai, domin ciwon nasa na gaske ne. Likitan jini da na ƙwaƙwalwa tare suke zama su sauya masa maganin ciwo. A duba cinyoyinsa da damatsansa: in fata ta fara tauri kamar itace, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko gwiwa ta fara ƙin lanƙwasuwa, allurar ta fara cin tsoka, kuma abin da ya riga ya ƙage da wuya ya saki.

Malam Yayan Gida, ranar zuwa asibiti ku tafi da katunan, da lissafin abin da ya sha a kwana bakwai na ƙarshe da lokutan sha, da ranakun da ya faɗi. Daga yau zuwa ranar kada ya ƙara adadi, kada kuma ya yanke rocin, kada ya hau babur ko ya je bakin rijiya ko kogi, kuma wani ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da shi.